Idris: sunan da mashahuran da suka ɗauke shi, daga Fas zuwa Tafkin Cadi

Idris sunan yanka ne na maza, ɗaya daga cikin sunayen annabawa da Musulmi ke raɗa wa 'ya'yansu a ƙasashen da suka kewaye Tafkin Cadi. Bahaushe yakan ce Idirisu, in ya gajarta ya ce Idi. Fulanin Garwa da Marwa da Ngaundere sukan ce Idirisa. A takardun hukuma na Cadi da Kamaru kuwa ana ninka harafin s, a rubuta Idriss ko Idrissa ko Idrissou, don kada mai karatu da Faransanci ya haɗiye harafin ko ya mai da shi z. Shi ya sa za ka ga wa da ƙane, ɗaya a Kuseri ɗaya a Maiduguri, sunan ubansu ɗaya amma rubutunsa a katin shaida ya sha bamban.

Mai neman tarihin masu wannan suna sai ya kula da tsarin jera sunaye. A nan yankin mutum kan fara da nasa, ya bi da na uba, sannan na kaka. Shugaban Cadi Mahamat Idriss Déby sunansa Mahamat, Idris ɗin na mahaifinsa ne. Haka marigayi Sarkin Zazzau Shehu Idris, wanda ya yi sarauta daga 1975 zuwa 2020, haka kuma Imam Shafi'i, wato Muhammadu ɗan Idris.

Asalin sunan

An ambaci Annabi Idris, alaihissalam, sau biyu a Alƙur'ani. A Suratu Maryam, aya ta 56 da ta 57, an siffanta shi da yawan gaskiya da annabci, kuma Allah Ya ce Ya ɗaukaka shi zuwa wuri maɗaukaki. A Suratul Anbiya'i, aya ta 85, an jera shi da Isma'ila da Zulkifli cikin masu haƙuri. Hadisin Mi'iraji ya nuna Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya same shi a sama ta huɗu. Malaman tarihi da yawa sun ce shi ne Akhnukhu, kakan mahaifin Annabi Nuhu, kuma sun ruwaito cewa shi ne farkon wanda ya yi rubutu da alƙalami, farkon wanda ya ɗinka tufa da allura. Saboda haka maɗinka suke kallonsa a matsayin uban sana'arsu. Wasu sun danganta sunan da kalmar Larabci ta darasi, saboda yawan karatunsa, amma malaman nahawu sun fi karkata ga cewa ba Balaraben suna ba ne, hujjarsu ita ce ba ya karɓar tanwini, kamar Ibrahim da Isma'il.

Gidan Fas

Wanda ya kawo sunan cikin sarautar Afirka shi ne Idris ɗan Abdullahi, tattaɓa-kunnen Sayyidina Hasan ɗan Ali. Ya tsira daga yaƙin Fakh, kusa da Makka, a 786, inda rundunar Abbasiyawa ta karkashe danginsa. Ya yi ta yamma har ya isa Walili a ƙasar Maroko ta yau a 788, Barbarawan wurin suka yi masa mubaya'a. Bai daɗe ba, ya rasu a 791, ana cewa guba aka ba shi da umarnin Haruna Rashid. Ɗansa da aka haifa bayan rasuwarsa, Idris na Biyu, shi ya raya birnin Fas ya mai da shi mazaunin mulki, ya rasu a 828.

Daga zuriyarsu aka sami Sharif al-Idrisi, masanin labarin ƙasa da aka haifa a Sabta, a gaɓar arewacin Maroko, wajen 1100, wanda ya kammala wa Sarki Roja na Biyu na Sisili taswirar duniya da bayaninta a 1154. Abin da ya sa ya shafe mu shi ne ya ambaci ƙasar Kanem da garuruwanta biyu, Manan da Anjimi. Anjimin nan ita ce Njimi, tsohuwar hedikwatar sarakunan Saifawa a gabashin tafkin. Daga nan sunan Idris da ƙasar Kanem suka fara haɗuwa a takarda, kuma ba su ƙara rabuwa ba.

Sarakunan Kanem da Barno

Da matafiyin nan Ibn Battuta ya sauka Takadda a 1353, an ba shi labarin Barno, aka ce masa sarkinta sunansa Idris, ba ya fitowa a gan shi, ba ya magana da mutane sai ta bayan labule. Wannan shi ne Mai Idris ɗan Ibrahim Nikale. Bayansa rigimar gado ta ɓarke tsakanin zuriyarsa da ta ɗan'uwansa Dawuda, ƙabilar Bulala kuma suka matsa daga gabas, har ɗansa Mai Umaru ya bar Kanem a ƙarshen ƙarni na 14 ya koma yammacin tafki. Sai a farkon ƙarni na 16 wani Idris ɗin, Katagarmabe ɗan Mai Ali Gaji wanda ya kafa Birnin Gazargamu, ya karya Bulala ya sake shiga Njimi, bayan shekara fiye da ɗari rabon Saifawa da ita.

Amma wanda ya fi kowa suna shi ne Mai Idris Alauma. Masana na yanzu sukan sa mulkinsa daga 1564 zuwa 1596, tsofaffin littattafai kuma daga 1571 zuwa 1603. An san shi fiye da sauran sarakunan Barno saboda ya yi dace da marubuci: babban limaminsa Ahmadu ɗan Furtu ya rubuta tarihin shekarun farko na mulkinsa a 1576, da labarin yaƙe-yaƙensa na Kanem a 1578. Daga nan muka san ya yi aikin hajji, ya samo bindigogi da Turkawa masu koyar da harbi, ya yi amfani da raƙuma a yaƙi, ya sa aka sassaƙa manyan jirage na ƙetare kogin Yobe. Ya gina masallatai da jan bulo a madadin na kara, ya daidaita mudun awon hatsi, ya mai da shari'a hannun alƙalai. Ya aika jakadu Santambul wurin Sarkin Musulmi Muradu na Uku, ya kuma aika Maroko wurin Ahmad al-Mansur.

Ga mutumin arewacin Kamaru, Alauma ba sarkin wata ƙasa mai nisa ba ne. Rundunarsa ta shiga ƙasar Kotoko a bakin Logon da Shari, ta hau Mandara ta sa hannu a rigimar sarautar Kerawa, garin da yau iyaka ta raba tsakanin Kamaru da Najeriya. Ya kamata a faɗi ɗaya ɓangaren ma, domin limamin nasa bai ɓoye ba: a yaƙinsa da mutanen Sau, tsofaffin mazauna yankin tafkin, an sare itatuwa, an lalata amfanin gona ana dab da girbi, an kama bayi masu yawa. Wanda ya karanta yabon gyare-gyarensa kaɗai bai san mutumin ba sai rabi. An binne shi a bakin tafkin Alau kusa da Maiduguri ta yau, daga nan laƙabin Alauma ya fito.

Sarkin Libiya

Muhammadu Idris al-Sanusi jikan wanda ya kafa ɗariƙar Sanusiyya ne, kakan nasa kuwa almajirin Shaihu Ahmadu ɗan Idris al-Fasi ne. An haife shi a Jagbub. Mahaifinsa, Muhammadu al-Mahdi, ya ɗauke cibiyar ɗariƙar zuwa Kufra a 1895, sannan zuwa Guro a arewacin Cadi a 1899, a can ya rasu a 1902, shekarar da Faransawa suka ci zawiyar Bir Alali a Kanem. Idris ya zama sarkin Libiya ranar 24 ga Disamba 1951. Yana jinya a Turkiyya sojoji ƙarƙashin Mu'ammar Gaddafi suka kifar da shi ranar 1 ga Satumba 1969. Ya rasu a Alƙahira a 1983, aka binne shi a Baƙi'a ta Madina. Faɗuwarsa ta shafi Cadi kai tsaye, domin wanda ya gaje shi ne ya mamaye zirin Auzu na arewacin Cadi a 1973, bai fita ba sai bayan hukuncin Kotun Duniya na 1994.

Cadi bayan 'yancin kai

Idriss Miskine ɗan ƙabilar Hajarai ne daga yankin Gera, ya riƙe ma'aikatar harkokin waje a gwamnatin Hissène Habré. Mutuwarsa ta farat ɗaya a Janairun 1984, wadda hukuma ta danganta da zazzaɓin cizon sauro, ba ta kwanta wa mutanensa ba, kuma daga nan dangantakarsu da Habré ta soma tsami.

Idriss Déby an haife shi a 1952 a Berdoba, arewa maso gabashin Cadi, Bazagawe ne ɗan makiyayi. Ya koyi tuƙin jirgin sama a Faransa, ya dawo ya shiga rundunar Habré, ya zama babban kwamandan askarawa bayan sun karɓi Injamena a 1982. A Afrilun 1989 aka zarge shi da shirya juyin mulki tare da Hassan Djamous da Ibrahim Mahamat Itno. Su biyun suka halaka, shi ya tsallake zuwa Sudan. Ya kafa ƙungiyar 'yan tawaye ta MPS a Maris 1990, ya shiga Injamena ranar 2 ga Disamba. A jawabinsa na farko ya gaya wa 'yan ƙasa bai zo musu da zinariya ko azurfa ba, 'yanci ya kawo, kuma har ya mutu da wannan magana masu sukarsa suke auna shi.

Ya yi shekara 30 a kan mulki. A zamaninsa Cadi ta fara fitar da mai a 2003, daga Doba ta bututu mai tsawon kilomita 1,070 zuwa gaɓar teku a Kribi ta Kamaru. Ya ci zaɓe sau shida, huɗu daga ciki bayan ƙuri'ar raba-gardama ta 2005 ta cire ƙayyade wa'adi. A 2006 ya ƙara Itno, sunan kakansa, a sunansa. 'Yan tawaye sun shiga Injamena a Afrilun 2006 da Fabrairun 2008. A karo na biyu dubban mutane suka cika gadar Ngeli suna gudu zuwa Kuseri, kuma a kwanakin ne aka ɗauke madugun adawa Ibni Oumar Mahamat Saleh daga gidansa, ba a sake ganinsa ba. Wannan tabo ne da ba ya goguwa, kamar yadda talaucin da ya ci gaba duk da kuɗin mai ba ya ɓoyuwa.

Sai dai fatake da direbobin da ke bin hanyar Marwa zuwa Kuseri suna da wani abin tunawa daban. A Janairun 2015, lokacin da Boko Haram ta hana kowa sakat a kan iyaka, jerin motocin sojan Cadi ya ƙetaro ta Kuseri zuwa Fotokol, daga nan suka ƙwace Gamboru. Bayan harin da Boko Haram ta kai Bohoma a Maris 2020, wanda ya ci ran sojojinsa kusan 100, shi da kansa ya tafi bakin tafki ya jagoranci ramuwa, a watan Agusta aka ba shi muƙamin Marshal. Ranar 20 ga Afrilu 2021, kwana ɗaya bayan an ce ya ci zaɓe na shida, soja suka sanar da mutuwarsa sakamakon raunin da ya samu a fagen daga da 'yan tawayen FACT. A arewacin Kanem aka harbe shi, ƙasar da Katagarmabe da Alauma suka yi ta kai wa yaƙi shekaru ɗaruruwa kafinsa. An binne shi a Amjaras.

'Yan wasa da sauransu

Babban filin wasa na Injamena da aka daɗe ana buga ƙwallo a cikinsa yana ɗauke da sunan Idriss Mahamat Ouya, kuma matasa da yawa da ke shiga ba su san cewa ɗan tsallen sama ne ba. An haife shi a 1942 lokacin ana kiran birnin Fort-Lamy. Ya wakilci Faransa a gasar Olamfik ta Roma a 1960, sannan ya wakilci Cadi a Tokyo a 1964, inda ya zo na tara, da Meziko a 1968. Mafi tsayin tsallensa mita 2.17 ne. Ya rasu a 1987. Ya cancanci a riƙa tuna shi fiye da yadda ake yi, domin yana cikin na farko da suka ɗaga tutar Cadi a irin wannan taro.

A Kamaru akwai mai tsaron raga Idriss Carlos Kameni, haifaffen Duwala a 1984, wanda yana ɗan shekara 16 ya tsare raga a wasan ƙarshe na Olamfik a Sidni a 2000, Kamaru ta doke Sifen a bugun daga kai sai mai tsaron gida ta ɗauki zinariya. Daga baya ya yi shekaru a Espanyol da Malaga. Daga arewa kuma akwai Mohamadou Idrissou, ɗan Yagwa, wanda ya buga wa Hannover da Freiburg a Jamus, ya je gasar cin kofin duniya ta 2010. Ɗan wasan kwaikwayo Idris Elba, haifaffen Landan a 1972, cikakken sunansa Idrissa, mahaifinsa ɗan Saliyo ne, mahaifiyarsa 'yar Gana. A yankin Wales na Birtaniya ma akwai Idris, har da dutse mai suna Cadair Idris, amma wannan tsohon suna ne na yarensu, bai haɗa asali da na Annabi ba.

Ko da yake sarakuna da mayaƙa ne suka cika shafukan tarihi, yawancin masu sunan a unguwannin Hausawa na Garwa da Ngaundere da Injamena da Abeshe sun fi kusa da abin da aka ruwaito game da mai sunan na farko. Malam Idi ne mai tsangaya da ke rubuta wa almajirai allo, ko Idi tela da ke kwana a kan keke daren jajibirin Sallah. Da yawa cikinsu jikokin mahajjatan ƙasa ne, waɗanda suka taso daga Kano ko Katsina za su Makka a ƙafa, suka yada zango a bakin Shari don neman guzuri, zangon ya zama gida. A irin waɗannan gidaje sunan kan zaga ne ta hanyar takwara: a raɗa wa jika sunan kakansa Idirisu, uwar yaron kuma, saboda kunyar suruki, ba za ta kama sunan ba, sai ta riƙa kiransa Baba ko Abba har ya girma.