Sarauniya da Ruk a Ƙarshen Wasan Ces: Nasarar da Ke Kufce wa Gwanaye

In aka rage sarki da sarauniya a gefe guda, sarki da ruk a ɗaya gefen, wa ke da nasara?

Mai sarauniya. Ruk, wato ɗan nan mai siffar hasumiya, miƙe kawai yake tafiya, sarauniya kuwa har da karkace. Lissafin kwamfuta ya nuna ko a yanayi mafi tsauri, taku 31 sun isa a cinye ruk ko a kashe sarki.

To ina wahalar take?

Tana cikin dokar taku 50: in aka yi su ba a ci komai ba, wasa ya tashi canjaras. A 1978 Walter Browne, zakaran Amurka, ya kara da kwamfutar Belle ta masanin kwamfuta Ken Thompson, ita ke riƙe da ruk. Karon farko taku 50 suka cika bai ci ba. Sai da ya koma ya yi nazari, a karo na biyu ya cinye ruk ɗin daidai a taku na 50. Wannan labari yana taɓa ni, domin gwani ne na gaske, amma sai da ya zauna ya koya.

Wane tsari ake nema a kai ga shi?

Tsarin Philidor, gwanin Faransa, na 1777. Kowane gida a allon yana da suna: harafi na nuna layin tsaye, lamba na nuna layin kwance. Sarkin fari yana c6, sarauniya a5. Sarkin baƙi b8, ruk b7. In baƙi ne da taku, gaba kura baya sayaki: dole ruk ya rabu da sarkinsa. A ce ya gudu b1. Sarauniya ta kai hari daga d8, sarki ya koma a7. Daga d4, ya koma a8. Daga h8, ya dawo a7. Sai ta sauka h7, tana kallon sarki da ruk lokaci guda. Ruk ya tafi ke nan. Da ya tare harin h8 da ruk a b8, sarauniya ta je a1 ta gama wasa.

In kuma fari ne da taku?

Sai ya mayar wa baƙi da nauyin. Sarauniya ta je e5, sannan a1, ta dawo a5. Tsarin bai canza ba, amma yanzu baƙi ne zai motsa.

Wane kuskure ya fi yawa?

Yawan kai hari babu manufa, da matse sarki fiye da kima. Dubi wannan: sarkin baƙi f8, ruk g7, sarkin fari f6, sarauniya e6. Baƙi ya jefa ruk g6. In ka ci, sarkinsa ba shi da gidan zuwa alhali ba a kai masa hari ba, canjaras ke nan. In ka ƙi ci, sarauniyarka ta salwanta.

Mai ruk fa, me zai yi?

Ya zauna tsakiyar allo muddin zai iya, ruk kusa da sarki. In an tura shi baki, ya shimfiɗa ruk a layi na uku daga bakin don hana sarkin fari matsowa. A nan yawanci taku mai shiru, sarauniya ta ja baya kaɗan ta tsare gidajen da ruk ke bukata, ya fi hari amfani.