Famfon Zuƙe Iska a Na'urar Mas-sifektiromita

Famfon zuƙe iska shi ne injin da ke kwashe iska daga cikin mas-sifektiromita, na'urar da ke tantance sinadarai ta hanyar auna nauyin ƙwayoyinsu. Dole ƙwayoyin su ratsa cikinta ba tare da sun yi karo da iska ba, shi ya sa da zarar famfo ya gaza, aiki ya tsaya cak.

Tarihi

A wajajen 1650 Otto von Guericke na birnin Magdeburg a Jamus ya ƙera famfon iska na farko. Amma wanda fannin ya fi cin gajiyarsa shi ne Bajamushe Wolfgang Gaede: ya fito da famfon zaiba mai juyi a 1905, sannan famfon tururin zaiba a 1915, wanda Irving Langmuir ya inganta a Amurka a 1916. A wannan zamanin ne J.J. Thomson ya ga alamar cewa sinadarin niyon iri biyu ne, mai nauyi 20 da mai 22, Francis Aston kuma ya tabbatar da hakan a Kambirij da na'urarsa ta auna nauyin ƙwayoyi ta 1919, aikin da ya kai shi ga kyautar Nobel a 1922. Daga baya mai ya maye gurbin zaiba a famfunan saboda gubarta. A wajajen 1958 Willi Becker na kamfanin Pfeiffer ya ƙirƙiro famfon turbo, wanda ya mamaye fagen har yau.

Yadda yake aiki

Famfo biyu ne ke aiki tare. Na share fage, wanda galibi yake ƙasa gefen tebur yana gurnani, shi ke kwashe mafi yawan iskar. Na turbo yana ciki, fukafukansa na juyawa sau dubbai a minti ɗaya, wasu har 90,000, suna korar ragowar.

Lalacewa

Man famfon share fage yana tsufa: ya yi duhu, ko ya yi fari-fari kamar madara idan ruwa ya shige shi. Ana duba shi ta ƙaramin gilashin da ke jikin famfon, a kan canza shi duk wata shida zuwa shekara. Na turbo kuwa boris ɗinsa ne ke fara gajiya, kuma ƙwararre da kunne yake ganewa, don ƙarar takan zama siririn kuka. Idan lamba 28 da 32, wato nauyin naitirojin da oksijin da ke cikin iska, suka taso a allon na'urar, ta farko ta ninka ta biyu kusan sau huɗu, to iska na kutsawa ta wani wuri.

A Abuja

Babbar matsalar ɗakunan gwaje-gwaje a nan ita ce ɗauke wuta. Kafin janareta ya tashi famfo ya riga ya fara rage gudu, kuma idan babu bawul mai tarewa, mai na iya komawa cikin na'urar ya ɓata ta. Bayan wuta ta dawo sai an jira awoyi, wani lokaci har kwana, famfo ya sake kwashe iskar kafin a ci gaba da aiki. Don haka ma'aikata ke cewa a fara sayen batirin ajiya da inbata kafin a kunna komai, kuma suna da gaskiya. Zafin Maris da ƙurar hunturu da ke toshe fankar sanyaya su ma suna rage kwanan famfo, ga kayan gyara sai an yi odarsu daga waje.

Busasshen famfo

Akwai wanda ba ya amfani da mai. Ya fi tsabta, ya fi tsada. Ra'ayi ya rabu kan wanda ya fi ƙarko.