Waiwaye: an cire gudan jinin, amma jini ya isa ƙwaƙwalwa?

Duk wanda ya taɓa ban-ruwan albasa a Galmi ya san buɗe babbar hanyar ruwa daban, ruwa ya isa kowane fangali daban. Kusan wannan ce matsalar da likitocin shanyewar ɓarin jiki, wadda a nan Tawa muka fi ji da sunan AVC, suke fama da ita shekara da shekaru.

A 1995 aka tabbatar a Amurka cewa allurar alteplase na narkar da gudan jinin da ya toshe jijiyar ƙwaƙwalwa, in an yi ta cikin awa 3. Sai dai babban guda ba kasafai yake narkewa ba. Shi ya sa aka koma zura siririn bututu ta jijiyar matsematsi har cikin kai, a jawo gudan waje. Gwaje-gwaje uku na 2013 sun watsa wa dabarar ƙasa a ido. Na'urorin lokacin ba su buɗe jijiya sosai. Sai gwajin MR CLEAN na ƙasar Holan, mai majinyata 500, ya juya zancen a 2015. Da aka haɗa gwaje-gwaje biyar a 2016, kashi 46 cikin 100 na waɗanda aka yi wa aikin sun koma yi wa kansu hidima bayan wata uku, waɗanda ba a yi wa ba kuwa kashi 26 da rabi.

To, a dubi lissafin da kyau: fiye da rabi ba su miƙe ba. Nan gizo ke saƙa. Likitoci na auna komawar jini da ma'aunin TICI, daga 0 zuwa 3, kuma an daɗe ana murna da 2b, wato jini ya koma rabin yankin ƙwaƙwalwar da ya rasa jini ko fiye. Daga baya aka ga mai 3 ya fi mai 2b warkewa. Wani lokaci ma babbar jijiya ta buɗe tas, amma ƙananan sun kumbura sun toshe, abin da aka fara gani a ƙwaƙwalwar zomaye tun 1968. Wani lokacin kuma jinin da ya dawo ya tarar da jijiya ta yi rauni, sai ta yi yoyo.

Waɗanda babban yanki na ƙwaƙwalwa ya riga ya mutu musu, da can ba a taɓa su. Gwajin Japan na 2022 da na SELECT2 a 2023 suka canza haka: a SELECT2, kashi 20 na waɗanda aka yi wa aikin sun koma yi wa kansu hidima, maimakon kashi 7 na waɗanda ba a yi wa ba. Ba yawa, amma tambayi matar da ke juya mijinta a tabarma.

Tun 2018 ana iya yi wa wasu aikin har awa 24, in hoton sikana ya nuna da sauran abin ceto. Daga Tawa zuwa Yamai kuwa kilomita 550 ne ko kusa, ban da awannin da aka ɓata a gida ana shafa man zafi ana cewa iska ce ta buge Baba.