Keken kowane aiki

Keken kowane aiki shi ne keken da ake son ya wadatar da mai shi a kowace irin tafiya: zuwa kasuwa da gona, ɗaukar kaya, doguwar tafiya a kan kwalta, da ratsa yashi ko hawan dutse. Maƙera kekuna sun daɗe suna neman irinsa, kuma ra'ayin da ya fi yawa a cikinsu shi ne keke ɗaya zai iya yin ayyuka da yawa daidai gwargwado, amma ba zai yi fice a dukkansu ba. A Sudan ana kiran keke da Larabcin ƙasar "ajala", mai gyaransa kuma "ajalati", kalmomin da Hausawan Mai Wurno, Gadarif da Kasala ke jefawa cikin Hausarsu ta yau da kullum.

Tarihi

Asalin keke na komawa ga abin hawan katako mai ƙafa biyu da Karl von Drais ya ƙera a Jamus a 1817, wanda ba shi da feda, sai dai mahayi ya riƙa tura ƙasa da ƙafa. An sa feda a ƙafar gaba a birnin Faris cikin shekarun 1860. Ana danganta wannan ga Pierre Michaux da Pierre Lallement, kuma akwai saɓani kan wanda ya riga. Daga nan aka shiga yayin keke mai ƙatuwar ƙafar gaba, mai gudu amma mai kayar da mahayi da ka.

Siffar da aka sani yau ta zauna ne a 1885, lokacin da John Kemp Starley ya fitar da keken Rover a Coventry ta Ingila, mai sarƙa da ke juya ƙafar baya. A 1888 John Boyd Dunlop ya kawo taya mai iska. Daga waɗannan biyu aka sami babban baƙin keken nan mai ƙafa inci 28, birkin sanda, sirdin fata mai sifirin, da kariyar ɗaukar kaya a baya, wanda kamfanin Raleigh na Nottingham ya fi kowa shahara da shi. Hausawa na ce masa Rali. Tsawon shekaru da dama, a yawancin Afirka da Asiya, shi kaɗai ne keke: malami ya hau shi zuwa makaranta, mai madara ya rataya masa garwa, ango ya saye shi don a san ya kai. Tambayar wane keke ya dace da wane aiki ba ta ma taso ba.

A Sudan wannan keke ya bazu tun zamanin mulkin Ingila da Masar, kuma garin da aka fi alaƙanta shi da shi shi ne Atbara, hedikwatar jirgin ƙasa, inda ma'aikatan reluwe suka riƙa fita aiki a kan kekuna ayari-ayari har abin ya zama alamar garin. A yankin Jazira, bayan kammala madatsar ruwa ta Sinnar a 1925 da buɗe gonakin auduga, hanyoyin gefen magudanun ruwa sun zama hanyoyin keke. Hausawa da Fulani da yawa sun yi ƙwadago a waɗannan gonaki, ciki har da mutanen Mai Wurno, garin da mabiyan Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, suka kafa a bakin Shuɗin Nilu wajen 1906, bayan yaƙin Burmi na 1903. Daga baya kekunan Sin irin su Phoenix da na Indiya, waɗanda aka ƙera bisa tsarin Rali, suka cika kasuwa saboda arha.

Rarrabuwar keke zuwa iri-iri ta faru ne a Turai da Amurka. Gasar tsere ta jawo keke marar nauyi mai siririn taya. Gasar zagayen Faransa ba ta yarda da giyar da ke sauya sarƙa ba sai a 1937. Keken dutse ya fito a yankin Marin na Kaliforniya cikin shekarun 1970, a hannun matasa irin su Joe Breeze, Gary Fisher da Tom Ritchey, kuma keken Stumpjumper na kamfanin Specialized na 1981 na cikin na farko da aka ƙera da yawa don sayarwa. Keke mai ƙaton taya na yashi da ƙanƙara ya shiga kasuwa sosai wajen 2005 da keken Pugsley na kamfanin Surly.

Abin da ke hana keke ɗaya yin komai

Babban abin da ke raba kekuna shi ne taya. Na tsere faɗinsa milimita 25 zuwa 32, yana da santsi, ana cika shi da iska tam, don haka yake gudu a kwalta amma yake nutsewa a yashi. Na keken dutse ya haura milimita 50, yana da haƙora. Na yashi kuwa yana kaiwa inci 4, ana rage masa iska ya baje, sai dai a kwalta yana gajiyar da mahayi.

Sai zaman mahayi. Da gudu ya haura kilomita 20 a awa, iska ce babbar mai riƙe keke, shi ya sa ɗan tsere ke duƙawa. Mai ɗauko buhun dawa ko jarkokin ruwa kuwa zama miƙe yake so, da firam mai ƙarfi. Dokar hukumar tseren keke ta duniya ta hana keken gasa ya gaza kilo 6.8, alhali baƙin keken kasuwa yana kai kusan kilo 20 kafin a ɗora masa komai.

Yanayin ƙasa a Sudan

Ƙasar Jazira da Gadarif baƙar laka ce. Da rani tana bushewa ta tsattsage, kowane keke na bi. Da damina, daga wajen Yuli zuwa Oktoba, sai ta zama danƙo, ta cushe tsakanin taya da marufin taya har ƙafa ta daina juyawa. A nan keken dutse mai sarari a jikin firam ya ɗan fi, amma sau da yawa shi ma saɓa shi ake yi a kafaɗa. A arewa da yamma matsalar yashi ce. Ƙaya kuwa ko'ina take: tsidau a bakin hanya, da ƙayar bishiyar miskit da ta mamaye wurare a yankin Kasala. Wannan ya sa kaurin taya da kusancin mai faci suka fi yawan giya muhimmanci. Ƙurar habub, guguwar ƙura ta Sudan, tana haɗuwa da man sarƙa ta riƙa cin haƙoran giya, abin da keke marar giya ya fi jurewa.

Akwai kuma batun kayan gyara, wanda masu talla ba su cika ambata ba. Faɗin da'irar ƙarfen ƙafar Rali, inda taya ke zama, milimita 635 ne, na keken tsere da na zamani 622, kuma duka biyun akan kira su inci 28, alhali tayar ɗaya ba ta shiga ɗaya. Tsohon keken dutse mai inci 26 nasa 559 ne. Keken da ba a samun tayarsa a kasuwar garin ba ya zama na kowane aiki, komai kyansa.

Nau'o'in tsaka-tsaki

Tun ƙarshen shekarun 1980 aka fara sayar da keken gauraye, mai firam kusa da na tsere da miƙaƙƙen hannu irin na keken dutse. Cikin shekarun 2010 keken tsakuwa, na bin hanyoyin burji, ya yi tashe, da taya mai faɗin milimita 35 zuwa 50. Masu goyon bayansa na cewa da ƙafafu biyu na canji ya isa kwalta da burji. Masu suka na ganin sabon suna ne kawai aka ba tsohon keken doguwar tafiya. Ba a ƙera keken tsakuwa don kaya masu nauyi ba.

Amfani a yau

A ƙauyuka baƙin keke marar giya ne har yanzu na aiki, matasan birane kuma sun fi son keken dutse mai arha. Babur da rakasha, wato babur mai ƙafa uku, sun rage wa keke kasuwa.