Dokumentari Kan Ɗan Fim Mai Zaman Kansa: Ina Hausawan Legas a Ciki?

Wane irin fim ake nufi?

Fim ne na gaskiya, ba wasan kwaikwayo ba. Ana bin darakta da kyamara tun daga neman kuɗi har lokeshin, har kasuwa. Mai zaman kansa kuwa shi ne wanda babu babban kamfani a bayansa, da kuɗin aljihunsa ko bashin 'yan kasuwa yake aiki. A 2007 This Is Nollywood ya bi Bond Emeruwa yana fafutukar gama fim cikin kwana 9 da dala 20,000. A 2008 wasu 'yan Kanada biyu suka yi Nollywood Babylon kan Lancelot Imasuen.

To mene ne abin ƙorafi?

Kan mutum ɗaya ake yin irin wannan fim, amma mai kallo a Amurka ko Turai yakan ɗauke shi hoton masana'antar Najeriya kacokan. Labarin da aka saba bayarwa shi ne harkar bidiyo ta fara da Living in Bondage a 1992. Alhali tun 1990 aka yi Turmin Danya a Kano, kuma sunan Kannywood ya fito a mujallar Tauraruwa a 1999, shekara uku kafin jaridar New York Times ta buga sunan Nollywood.

Idan fuskokin Hausawa sun fito, ai an wakilce su ko?

A'a. Kyamara ba za ta zaga Legas ba ta kasa kama ɗan dako a Mile 12, ko mai tsire a Obalende, ko dillalin raguna. Sai dai yawanci wucewa suke yi a bayan mai magana, ba a tambaye su komai ba. A Agege da Idi-Araba akwai gidajen Hausawa da kakanninsu ma a nan aka haife su, 'ya'yansu na juya Yarabanci kamar Hausa, amma a allo har yanzu baƙo ne da ya sauko daga tirela jiya.

Asalin ikon yana wajen edita. Shi ke karɓar hoton awa hamsin ya matse shi zuwa awa ɗaya da rabi. In ba ya jin Hausa, kuma ba a ɗauki mai fassara ba, hirar da aka yi da dattijon unguwa ita ce farkon abin da zai zubar. Ba lallai mugunta ba ce. Abin da kunne bai ji ba ne. Matan unguwa kuwa ko hirar ba a yi da su, domin da wuya ka ga mace mai jin Hausa cikin masu ɗauka, wadda za ta iya shiga cikin gida.

Ai fim ɗin kan mutum ɗaya ne, dole sai an cusa kowa?

Ba dole. Cusa masallaci da rawani don cike gurbi ma ya fi muni. Amma in daraktan da ake bi ya sa Bahaushe a matsayin maigadi mai gwaranci, ni a ganina wajibi ne mai dokumentarin ya tambaye shi dalili, kyamara na kunne.

Harshen gida ba ya rage wa fim kasuwa?

A Nuwamba 2019 masu gasar Oscar suka cire Lionheart na Genevieve Nnaji daga rukunin finafinan ƙasashen waje, wanda ake son harshensu ya zama ba Turanci ba, saboda Turanci ya rinjayi Ibo a cikinsa. Fim ɗin da Najeriya ta tura a 2020, The Milkmaid na Desmond Ovbiagele, yawancinsa da Hausa ne. Haka Mai Martaba a 2024.

Matashin Agege da ke son yin nasa, ina zai kai shi?

Akwai bikin iREP na dokumentari zalla, wanda Femi Odugbemi da abokansa suka kafa a 2010, ana yawan yin sa a Freedom Park da ke Legas. Akwai kuma AFRIFF, bikin finafinan Afirka na ƙasa da ƙasa. Sai matashin ya tanadi fassarar Turanci a ƙasan allo, da yardar duk wanda ya yi hira da shi a rubuce, kuma ya fi kashe kuɗi kan makirufo, don hayaniyar janareta da motocin haya na danfo ta sha lalata hira mai kyau.