Ramammen doki ba a cika masa akushi da gero

Mutanenmu na Damagaram dai har yau in mutum ya karɓi dokin da aka ceto daga wahala, haƙarƙari duk a waje, sai ka ga an jibga masa gero da dusa wai ya yi saurin murmurewa kafin hawan sallah. Wallahi kashe shi ake yi. Cikin da ya daɗe da yunwa in ya samu hatsi da yawa lokaci guda gishirin jininsa ne ke rikicewa, zuciya ta kasa, cikin kwana 3 zuwa 5 sai a wayi gari ya faɗi a turke. Harawa kaɗan-kaɗan ake ba shi, kamar duk awa 4, da ruwa, likitan dabbobi ya duba haƙora da tsutsar ciki. Ƙiba kam sai an yi watanni, sirdi ya jira tukuna.