"Makaranta mai aminci": ba katanga ake nufi ba

Tun da aka kwashe ɗalibai mata 25 a sakandaren Maga ta jihar Kebbi a watan Nuwamban 2025, maganar "makarantu masu aminci" ta sake cika gidajen rediyo. Kwamishina ya faɗa, ɗan majalisa ya faɗa, mai gabatar da shiri ya maimaita. Amma saurara da kyau. Da an ce aminci, sai a zarce da lissafin buhunan siminti da waya mai ƙaya da adadin jami'an da za a girke. Wannan tsaro ne, kuma ana bukatarsa. Sai dai ba shi ne aminci ba.

Kalmar ta shigo bakin gwamnati ne a 2014 bayan sace 'yan matan Chibok, aka bi ta da yarjejeniyar ƙasashe kan kare makarantu ta Oslo a 2015, sannan manufar ƙasa kan amincin makarantu ta 2021, wadda ta haɗa har da gobara da ambaliya da cin zarafin yara a cikin makarantar kanta.

Tsaro daga "tsare" yake: a tsaya a bakin ƙofa a hana shiga. Kar a manta kuma Bahaushe da wannan kalmar yake cewa 'yan sanda sun tsare wane, wato sun hana shi fita. Shi kuwa aminci Larabci ne, tushensa ɗaya da amana da imani. Ke nan tambayar aminci ita ce: a hannun wa yaron nan yake da ƙarfe biyun dare, kuma shi mai riƙon amanar wa yake bin diddiginsa? Dubi ɗakin kwanan da aka yi wa tagogin ƙarfe, aka garƙame ƙofarsa ɗaya tilo da kwaɗo ta waje, mai makulli ya tafi gari. An tsare shi tsaf. Ranar da maganin sauro ya kama katifa, wannan tsaron ne zai hallaka yaran.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne ƙirgen yaran da aka sace. A Ƙanƙara, Disamban 2020, an ce yara 333 ba a gani ba, da aka sako su sai ga 344. A Jangebe, Fabrairun 2021, an fara cewa 317, aka dawo 279. A Kuriga, Maris ɗin 2024, an ce 287, aka dawo da 137, hukuma ta ce iyakarsu ke nan. Gaskiya ne wasu yaran daji suke fantsama, wasu su gudu gida, dole lissafin daren farko ya rikice. To amma makarantar da take da sunayen waɗanda suka kwana a cikinta jiya, cire na ganin ido daga jimla kawai za ta yi. Babu bindigar da za ta yi mata wannan aikin.

Aikin kuwa ba shi da tsada. Kiran suna sau uku a makarantar kwana: a asambulen safe, bayan karatun dare, da kafin a kashe fitila, ɗaki-ɗaki, malami ya ga fuska ya sa hannu. Littafin izinin fita a bakin ƙofa: sunan yaro, wanda ya zo ɗaukarsa, ranar dawowa. Lambar wayar mahaifi ko waliyyi kusa da kowane suna. Sannan kwafin rajistar ya kasance a wajen makaranta, domin ofishin shugaba na iya ƙonewa.

Inda abin yake lalacewa sananne ne. Gidajen malamai sun rushe, malamin da ke kula da ɗakin kwana ya koma cikin gari, ya bar wa shugaban ɗalibai littafin, shi kuma ya amsa "yana nan" a madadin abokinsa da ya tsallake katanga. Kuɗin ciyarwa da kai ake lissafa shi, don haka ba kowa ke gaggawar goge sunan yaron da ya daina zuwa ba. Maigadi kuma dattijo ne da tocila da gora, ba shi da ko lambar baturen 'yan sandan yankin.

Wa zai bi sawu? Kwamitin gudanar da makaranta, SBMC, wanda ake yawan rikita shi da PTA. PTA ta iyaye da malamai ce, yawanci a karo-karo take ƙarewa. SBMC kuwa ta haɗa mai gari da limami da mata da tsofaffin ɗalibai da wakilan ɗalibai, su ne ya kamata su buɗe rajista su duba, su ne kuma suke jin labari in an ga baƙin babura a bayan gari. Matsalar ita ce ko sun ji, shugaban makarantar gwamnati yakan ji tsoron sallamar yara ba da umarnin ma'aikatar ilimi ba, ita kuma ma'aikatar tana babban birnin jiha, ta tashi tun ƙarfe huɗu.